Nauyin Bakin Gidan Indo

Ya'u ya shekara goma sha bakwai yana aiki a wani kamfanin tabarmar roba a Sharada, kuma a duk kamfanin waɗanda suka san bakinsa na da nauyi ba su wuce mutum biyar ba. Ɗakin saƙa ba wurin magana ba ne. Injuna arba'in ne a jere suna ta buga kai tun bakwai na safe, ko ihu ka yi a kunnen na kusa da kai sai dai ya ga bakinka na motsi. Da hannu ake komai. In zare ya tsinke sai a ɗaga yatsa a lanƙwasa shi, in manaja na tafe sai a shafa tumbi, in lokacin sallah ya yi sai a taɓa kunne. A wannan fannin Ya'u gwani ne, har akwai masu cewa ya cika surutu.

Da zarar an kashe injuna sai ya koma Ya'un da aka sani a gida. Ba in'ina yake yi ba. Kalmar tana nan a kansa sarai, amma kafin ta fito leɓe da harshe sun ci rabinta. In ya ce shinkafa, baƙo “inka” zai ji. Doguwar magana kuwa sai ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya miƙa maka ɗaya bayan ɗaya, kai ka haɗa abinka.

A ƙauyensu da ke bayan Challawa wannan ba labari ba ne. Gidan Indo ne, kowa ya sani. Indo mahaifiyarsa haka take magana, mahaifinta ma haka ya yi har ya koma ga Allah. A 'ya'yanta shida uku ne suka ɗauko: Ya'u, da Salisu mai bi masa, da wata ƙanwarsu da ke aure a Ringim. Sauran ukun in suka fara zuba sai an roƙe su. An gwada wanzami ya cire hakin wuya, an gwada rubutu, an gwada zuma da safe kafin a ci komai. Yara suka sha zuma suka yi ƙiba, baki yana nan yadda yake.

Ya'u yana zaune a Zawaciki da matarsa Badi'a da yara uku. Biyun farko bakinsu garau. Ta ukun, Mubina, ta cika shekara huɗu kalmominta ba su fi goma ba, su ma Badi'a ce kaɗai ke gane su. Ya'u ya dubi yarinyar ya ce ta gida ce. Badi'a ta ce ko ta gida ko ta waje asibiti za ta kai ta, don ba za ta zauna a sa mata yarinya a makaranta malami ya riƙa tsallake ta in ana karatu ba. Ya'u bai hana ba. Shi ne ya taɓa gaya mata ya yi shekara shida a firamare ba a taɓa nuna shi an ce ya tashi ya karanta ba.

A asibiti aka duba kunne, lafiya. Aka ɗaga harshe, lafiya. Likitan ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi, Badi'a ta fara lissafi da yatsu. Da ta gama hannu ɗaya ta shiga na biyu, sai ya ajiye biro ya ɗauki waya.

Bayan mako biyu, ranar wata Lahadi da hantsi, wata mata ta yi sallama a gidan. Ta ce sunanta Dakta Aina'u, daga jami'a take, kuma ba likitar allura ba ce, bincike take yi. Badi'a ta shimfiɗa mata tabarma irin wadda kamfani ke ba ma'aikata in launi ya karkace. Bayan an gaisa an sha ruwa ta juya wajen maigidan.

“Malam Ya'u, ka san yadda ɗa ke ɗauko hancin ubansa?”

Ya'u ya ce ya sani.

“To a jikin kowane mutum akwai wani rubutu da ido ba ya gani, rabi daga uwa, rabi daga uba. Shi ke ɗauke da hancin. A cikin rubutun nan akwai wani layi da ke da hannu wajen koya wa leɓe da harshe tafiya tare. A wani dangi a Ingila aka fara gano shi, su ma kusan rabinsu bakinsu na da nauyi.”

“Turawa?” in ji Ya'u.

“Turawa.”

Ya'u ya jinjina kai. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai Baturen da Turanci ke ba wahala ba.

Dakta ta ci gaba da cewa wannan layin ba mutum kaɗai ke da shi ba. Ɓera na da shi, tsuntsayen da ke koyon kuka daga iyayensu na da shi, biri ma na da shi, kuma tsakanin namu da na birin nan mai kama da mutum wuri biyu kawai suka saɓa.

Badi'a ta gyara mayafi. “Dakta, biri kuma? A gidan nan?”

“Ba gidan nan ba, kowa da kowa. Har ni.”

“To,” in ji Badi'a. Daga yadda ta faɗa an san ba ta gama da maganar ba, ta dai ajiye ta ne.

Abin da Dakta ke nema, in ji ta, shi ne yadda aka yi ɗan Adam ya iya magana alhali sauran halittu ba su iya ba. Babu mai iya komawa baya ya ga mutanen farko ranar da suka fara. Kuma ba layi ɗaya ne ke yin aikin ba, suna da yawa. Abin da ake iya yi shi ne a duba inda wani layi ya ɗan goce, a ga abin da ya canza. Wannan kam Ya'u ya gane shi nan take. A inji mai lamba goma sha biyu akwai wani ɗan ƙarfe da ya shekara tara yana gani bai san aikinsa ba, sai ranar da ya karye.

Ta ce yawu take so, kaɗan a 'yar kwalba, daga duk dangin, masu nauyin baki da marasa shi, ga wanda ya yarda.

“Magani?” in ji Ya'u.

“Babu,” in ji ta. “Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma akwai atisayen baki da zai taimaki Mubina, kuma ko kun ba da yawu ko ba ku bayar ba zan haɗa ku da mai koyarwa.”

Ya'u ya ji daɗin wannan babun. Duk waɗanda suka zo gidansu a kan maganar baki tun yana yaro, da “akwai” suka zo.

Lahadin da ta biyo baya aka taru a ƙauye, a tsakar gidan Indo, mutum ashirin da shida ban da jarirai. Wanda ya karɓi baƙuwar shi ne Baffa Inuwa, ƙanin Indo da kowa a gidan ke kira Baffa, wanda ya yi shekara talatin yana gadi a wani kamfani a Bompai. Shi bai ɗauko nauyin bakin ba, don haka tun yana saurayi aka mayar da shi bakin gidan, kuma ya riƙe muƙamin da hannu biyu. Neman aure shi, rikicin iyakar gona shi, gaisuwar mutuwa shi.

Baffa ya miƙe tsaye ya ce bai yarda ba. Ya yi minti arba'in yana bayyana dalili. Ya ce yawu ba abin da ake ba baƙo ba ne, ya kawo labarin mutum uku da aka yi wa aiki da yawunsu, biyu a ciki shi ya raka su wajen karyawa. Sannan ya zo kan babbar maganar.

“Kuma wai asalin magana kuke nema. Yarinya, wannan ai an gama shi. Allah ne ya koya wa Annabi Adamu sunayen abubuwa duka. Ko a jami'ar taku an samo wani ne?”

“Baffa, ban zo da gardama a kan wanda ya koyar ba,” in ji Dakta. “Ni bakin da aka koya wa nake so in ga yadda aka ƙera shi.”

Baffa ya tsaya. Ya juya amsar ta nan, ya juya ta can, bai sami inda zai kama ba, sai ya koma kan maganar hanyar ƙauyen, yadda hukuma ta shekara goma tana alkawari, amma in yawu ake so an san hanyar.

Yana cikin wannan Indo ta miƙa hannu ta ɗauki kwalba ɗaya daga kwalin da ke gaban Dakta. Ta tofa, ta duba layin da aka zana a jikin kwalbar, ta ƙara, ta rufe. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙaninta.

“Ba ka da shi,” ta ce. “Yi shiru.”

Aka yi layi. Baffa ne na ƙarshe, kuma ya wuce layin kwalbar nesa ba kusa ba.

Bayan azahar Dakta ta shimfiɗa babbar takarda tana zana dangin, mata da'ira, maza akwati, mai nauyin baki a cike nasa da baƙi. Indo ke faɗa, Baffa na fassarawa yana ƙara nasa. Ta faɗi mahaifinta Sule, da mahaifiyarsa da aka auro daga wajen Damagaram, da uban wannan, wanda aka ce sai ya yi kasuwa guda bai ce uffan ba amma ba a taɓa cutarsa ba. Da aka zo kan 'ya'yanta Dakta ta cike akwatin Ya'u, ta cike da'irar ta Ringim, ta ɗora biro a kan na Salisu. Indo ta ce wani abu.

“Ta ce haka ne,” in ji Baffa.

Ya'u yana kusa, kuma ba haka ya ji ba. Shi abin da ya ji shi ne, “To, ke kika sani.” Amma an saba, in Baffa ya fassara an wuce wurin.

Daga nan aka yi gwaji, ana ɗaukar murya a na'ura. A ce ka kumbura kumatu, ka fito da harshe, ka rufe ido ɗaya, a jere. A ce ka maimaita pa-ta-ka da sauri sau goma. Yara suka hau katanga suna kallon iyayensu na fito da harshe. Ya'u ya yi abin da ya iya. Salisu ne ya fi kowa faɗuwa, ko sau ɗaya bai kai ƙarshen pa-ta-ka ba, kuma babu wanda ya yi mamaki.

Salisu a wani kamfanin jima yake aiki a Challawa, wajen wanke fata, inda wari ya isa ya hana kowa buɗe baki. Shekara biyu ne tsakaninsa da Ya'u. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sukan zauna a bencin mai shayi a Panshekara su yi awa guda, su yi kalma kamar ashirin a tsakaninsu, su tashi kowa ya ji labarin ɗan'uwansa kaf. Ya'u bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abu ba. Haka ya taso ya gani.

Sakamako ya ɗauki wata goma sha ɗaya. A tsakanin nan Mubina na zuwa atisaye duk Alhamis. Ana sa ta hura kumfar sabulu, ta kashe kyandir, ta kalli madubi ta ce ba, ta ce ma. Wani lokaci Ya'u kan yi musayar aiki da wani ya kai ta da kansa a babur, ya zauna a bakin ƙofa yana kallo. Sau ɗaya da ya dawo gida ya shiga banɗaki da madubin Badi'a ya gwada abin da ya gani. Ya fito ya mayar da madubin inda yake bai gaya wa kowa ba.

Ranar da Dakta ta dawo ƙauye ta ce kowa shi kaɗai za ta gani, don sakamakon mutum nasa ne. Aka ba ta zauren Baffa. Da Ya'u ya shiga ta nuna masa takarda mai layuka masu hawa da sauka, ta sa bakin biro a wani wuri.

“Nan ne. Harafi ɗaya ne ya canza a layin da na gaya maka. Kana da shi, Mubina ma tana da shi. Duk ɗan da ka haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsallake.”

Ya'u ya dubi wurin. Bai kai kan ashana ba.

“Laifin wa?”

“Ba na kowa ba. Wataƙila ya fi shekara ɗari biyu yana tafiya a cikin danginku.”

Ya gyaɗa kai, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya fito ya tarar an sauke dambu, ya zauna ya ci. Salisu ya shiga bayansa, ya daɗe fiye da kowa. Da ya fito bai tsaya cin dambu ba, ya ɗauki kekensa ya tafi. Juma'ar makon bai zo wajen mai shayi ba.

Ranar Litinin da la'asar, da aka tashi daga aiki, Ya'u ya fito ƙofar kamfani ya gan shi tsaye a jikin katanga kusa da masu awara. A shekara goma sha bakwai Salisu bai taɓa zuwa Sharada ba. Ya'u ya fara tunanin ko wani abu ne ya sami Inna. Salisu ya zaro takarda da ta sha ninki har ta yi laushi, ya miƙa masa.

“Babu,” ya ce.

“Me?”

“Ni. Babu.”

Ya'u ya buɗe. Layuka ne irin nasa, amma wurin da biro ya taɓa a tasa takardar, a nan ba a zagaye komai ba. A hankali, gunduwa-gunduwa, Salisu ya ba shi sauran. Ya ce wa Dakta a sake, ta ce an riga an sake sau biyu don su ma sun yi mamaki. Ta ce ba cewa take yana yi da gangan ba, nauyin bakinsa na gaske ne, amma ba daga harafin nan yake ba, kuma ba ta san daga ina yake ba. Duk masu nauyin baki a gidan suna da harafin, duk marasa shi ba su da shi, sai shi kaɗai ya faɗo a tsakiya.

Ya'u ya dubi ƙaninsa ya ga fuskar da yake gani a wajen waɗanda aka sallama daga aiki. Ya san abin da ke cin sa. Salisu ya bar makaranta a aji huɗu saboda bakin nan. Ya so shiga aikin kwastan bai ko je ba. Yarinyar da ya fara so, Baffa aka tura ya yi masa magana, Baffa ya yi maganar da kyau har uban yarinyar ya ba wa ɗan Baffa ita. Duk wannan ya haɗiye shi a kan cewa gado ne, ga shi yanzu an ce bai ci gadon ba.

“Hau,” in ji Ya'u, ya tayar da babur.

Sun sami Indo a tsakar gida tana tsinke zogale a faranti, rana ta yi sanyi. Suka tsuguna suka gaishe ta. Salisu ya ajiye takardar a gabanta, ta ture ta gefe da bayan hannu don kada ta jiƙe. Ya gaya mata abin da aka ce.

“Na sani,” in ji ta.

Ba ta daina tsinkar zogalen ba. Ta yi maganar da ba su taɓa jin ta yi mai tsawonta ba, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, kuma babu Baffa a wurin balle ya gyara.

Ta ce Salisu yana shekara biyu ya yi baki, garau, kamar rediyo. Duk abin da ya ji sai ya maimaita, har kirarin masu tallan gishiri. Maƙwabta har aron sa suke yi ya je ya yi musu surutu. Da ya kai biyar ya fara bin Ya'u bakin kogi wajen wasa. Yaran gari suka gano abin dariya: su tambayi Ya'u abu, in ya amsa su juya wajen Salisu su ce me ya ce, Salisu ya faɗa daidai, su fashe da dariya su sake tambaya. Kullum Ya'u da kuka yake dawowa. Wata rana suka dawo, ta ce wa Salisu ya kawo mata ludayi, ya amsa mata da bakin Ya'u sak. Ta ɗauka kwaikwayon wansa yake yi, ta zane shi. Washegari ya sake, ta sake zane shi. Aka yi mako, aka yi wata, damina ta wuce.

“Ya'u ya daina kuka,” ta ce. “Na bar ku.”

Salisu ya ɗago kai ya dube ta.

“Inna, ba ki faɗa ba.”

“Ba ka tambaya ba.”

Salisu ya ce shi bai tuna ko ɗaya a ciki ba. Ya'u ma bai tuna ranar ba. Abin da ya tuna shi ne akwai lokacin da yara suka gaji da su, don wasan ba ya daɗi in babu mai fassara, suka koma kan wani yaro mai ƙaton kunne. Bai taɓa tambayar kansa me ya sa ba. Ya juya wajen ƙaninsa.

“Wa ya aike ka?” ya ce.

“Ban sani ba,” in ji Salisu.

Indo ta tura musu farantin, suka zauna suka taya ta tsinka har aka kira magariba.

Salisu da kansa ya kira Dakta ya ce ta zo ta ji. Ta zo ta ji daga bakin Indo, ta rubuta shafi huɗu. Ta ce wata goma sha ɗaya tana bin harafi, ashe wanda ba shi da harafin ne zai fi ba ta aiki. Ta ce rubutun jiki yana ba yaro bakin da zai iya koyo, amma abin da zai koya daga mutanen da ke kusa da shi yake ɗauka, kuma da alama wani lokacin yakan zaɓi wanda zai ɗauka a wajensa. Ta nemi izini ta sa labarin a bincikenta. Salisu ya ce ta sa, ban da suna, ban da sunan kamfani.

Ta ce ko zai gwada atisaye. Ya je sau uku, ya zauna a 'yar kujerar yara gwiwarsa na taɓa haɓarsa, Mubina na gefe tana nuna masa yadda ake hura kumfa. Mai koyarwar ta ce abin da baki ya saba da shi shekara kusan arba'in ba ya sauka a wata guda, amma in ya dage zai ga canji. A zuwa na uku ya fitar da “barka da asuba” cikakkiya, babu inda ta gutsire. Ya ji muryar a kunnensa ta yi masa kama da ta Baffa Inuwa. Bai koma ba. Matarsa da ta ji labarin duka, abin da ta ce shi ne ashe shekara goma sha biyar tana yi masa tafinta a banza, sannan ta ci gaba da yi.

Mubina kuwa ta ci gaba da zuwa. Da aka sa ta a firamare maganarta gajera ce amma baƙo na gane fiye da rabi, kuma Badi'a ta je ta sami malamin ajin tun ranar farko ta yi masa bayanin da bai manta ba.

Labari ya isa kunnen Baffa, kamar yadda kowane labari ke isa. Ya ce shi dama ya daɗe da sani, kunya ce ta hana shi faɗa. Amma abin ya tsaya masa a rai. A ganinsa an bar shi shekara da shekaru yana ɗauke da bakin gida shi kaɗai, alhali akwai mai lafiyayyen baki a zaune yana hutawa.

A ƙarshen daminar katangar gidan Indo ta gabas ta faɗi. Aka kira taron dangi a kan yadda za a tayar da ita. Irin wannan taron Baffa ke buɗewa, kuma ba a taɓa gama shi kafin la'asar ba. Mutane suka zo da shirin zama, wasu har da gyaɗa a aljihu. Baffa ya miƙe, ya yi salati, ya ce yau shi ba zai ce komai ba, tunda likitoci sun tabbatar akwai wanda ya fi shi lafiyar baki a gidan nan, to ga fili. Ya zauna ya harɗe hannu.

Kowa ya juya ya dubi Salisu. Ya'u ya yunƙura zai tashi a madadinsa, Salisu ya dafa masa gwiwa. Ya miƙe, ya dubi katangar, ya dubi mutane.

“Katanga ta faɗi,” ya ce. “Asabar. Kowa da shebur.”

Ya zauna. Aka jira ko akwai saura, babu. Wani daga baya ya ce Allah ya kai mu, aka shafa fatiha aka watse, ko gyaɗar ba a ɓare ba.

Ranar Asabar mutum goma sha tara suka zo da shebur. Ya'u na kwaɓa ƙasa, Salisu na sama yana ɗora tubali, kafin azahar katanga ta kai kafaɗa. Baffa ya zo wajen ƙarfe goma sha ɗaya ba shebur, ya sami inuwa ya zauna, ya yi wa masu aiki bayanin yadda ake gina katanga a da.